Sanyin da Aka Ɗaure Rahu a Gonarmu

Ku ba ni aron kunnuwanku, manya da ƙanana, in na gama zan mayar muku da abinku. Ga ta nan tafe, kuma ba daga daji ta fito ba, daga tsakar gidanmu ta fito.

Yau da sassafe ina zaune ina jin wuta, hannuna bisa garwashi, sai na ji wani kuka daga sama. Kurr, kurr, kamar ana jan tsohuwar ƙofa can nesa. Ban ɗaga kai ba, don idona ya daina kaiwa can, amma na san su. Rahu ne suka wuce, sun nufi yashin bahar, wato babban kogin nan namu. Jikata da ta kawo mini shayi, mai kirana kaka da bakin Larabawa, ta ce, "Habboba, me ya sa kika ajiye kofin?" Na ce mata ya yi zafi.

Ku da ba ku san rahu ba, tsuntsu ne dogo, toka-toka, mai baƙin wuya, da farin gashi bayan ido kamar dattijon da furfura ta fara masa ta gefe. In ya miƙe yana kai wa yaro kafaɗa. Iyayenmu ba su zo da sunansa daga yamma ba, can gauraka suka sani. A nan suka tarar da shi, suka ari sunan daga bakin Larabawa. Ba ya zuwa sai da sanyi, lokacin da mutanen ƙasar nan ke ce wa shita.

Garinmu yana bakin bahar, kafin a kai Suki. In sanyi ya shigo, ruwa yakan ja baya ya bar farin yashi a tsakiya, tururi na tashi a kansa da safe. Shamuwa ta riga ta tafi tun ƙarshen damina, ta bar sheƙa wayam a kan itace, sai baƙi su maye gurbinta. A lambun albasa da lemo da ke gangaren gari, kurciyoyi sukan kumbura gashi su jeru a reshe, ba mai motsi sai rana ta taɓa su. Balbela na bin sawun mai ban-ruwa, tana tsince abin da ruwa ya koro daga tsagar ƙasa. Zakaran ƙeƙuwa yana bakin tur'a, wato hanyar ruwan gonaki, yana yi wa duk mai wucewa tsiwa. Alhudahuda yana caccakar juji bayan garken awaki. Jan-baki kuwa ba a ganinsu ɗai-ɗai. Gaba ɗaya suke tashi, su karkata, su juya, kamar zanen da iska ta fizge daga igiya. Shirwa tana sama abinta, tana jiran uwar kaza ta yi sakaci.

Akwai wata 'yar ƙarama mai fari da baƙi, mai kaɗa wutsiya, da takan shigo har tsakar gida ta yi ta sassarfa gefen randa. Larabawa na ce mata Um-Girdun, wai kowace shekara daga hajji take dawowa. Duk gidanmu mutum ɗaya ke gaishe ta.

"Hajiya, an sauka lahiya? Ina tsarabata? Ke da ƙafa kamar tsinke kin je kin dawo, ni da na tako ƙasa tun daga Sakkwato ga ni nan bakin murhu."

Mai wannan magana matar ƙanen kakanmu ce. Mu yara Kaka muke ce mata. Tana da ƙuruciya suka baro yamma da mijinta a ƙafa, niyyarsu gabas. 'Ya'yan da ta haifa hanya ta cinye su, ɗaya bayan ɗaya, ta iso bakin bahar bayanta ba goyo. Suka tsaya tsinkar auduga don su ƙara gaba, gaba ba ta yiwu ba, mijin ya rasu aka rufe shi a maƙabartar garinmu, ƙarƙashin wata aduwa. Da uwar mahaifina ta rasu, ita ce ta goya shi, shi da yayansa, ta yi musu tauna, ta share musu majina. A ɗakinta nake kwana. Tana ƙanshin hayaƙi da man gyaɗa, kuma ba ta taɓa kirana da komai ba sai "ƙawa".

Gefen kabarin mijinta akwai fili daidai kwanciyar mutum guda. Ta jibga masa ƙaya. Kowace Juma'a takan dogara sanda ta je ta cire ciyawa, ta ƙara ƙayar. Duk gari an san wurin nata ne, masu haƙa in sun zo nan sai su tsallake. Ba ta da ɗa, ba ta da gona, ko akuya ba ta da ita. Wannan ɗan fili shi ne abin da ta mallaka a duniya, kuma ba za ta same shi ba sai ta mutu a cikin gari, a gidan da za su ɗauke ta su kai ta.

Da kakanmu ya rasu, gida ya koma hannun Baffa, yayan mahaifina. Kada ku ɗauka mutum ne mai tsawa. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. A hankali yake magana, sahun farko yake salla. Sai dai in ana rabon tuwo yakan tsaya bakin zaure yana duban akusa, yana duban masu su. Karin maganarsa guda ce: bakin da ke ci, hannunsa ya motsa. Jakin da ya yi mana aiki tun kafin a haife ni, da ya tsufa, Baffa ya kora shi bayan gari ya rufe ƙofa. Ungulu suka fara shi ta ido tun yana numfashi.

A shekarar da nake ba ku labari, ruwa ya makara a tur'ar da ke shayar da gonarmu, shukarmu ta zo baya. Kowa ya sussuke dawarsa ya binne a ramin ajiya, rumbun ƙasar nan, tamu a lokacin aka yanke ta, da sauran ɗanye a jikinta. Aka baza zangarniya a tsakiyar gona don ta sha rana. Kafin ta bushe, auduga ta fashe. Auduga kuwa ta gwamnati ce, ba ta jiran kowa, mai duba gonaki ba ya jin uzuri. Duk mai hannu biyu, daga yaro har mai jego, aka kwashe mu zuwa gonar auduga. Sai ya zamana tsuntsayen ƙasar duka akushi guda ya rage musu, shi ne dawarmu.

Baffa ya zo ƙofar ɗakin Kaka da safe, ya durƙusa, ya yi doguwar gaisuwa.

"Inna, kin san halin da muke ciki. Dawa tana waje, hannu babu. Ke kaɗai ce ba ki da abin yi."

"Maigida, idona fa ya dushe."

"Tsuntsu ba ido yake tsoro ba, Inna, murya yake tsoro. Taki kuwa har masallaci muna jin ta." Ya ɗan yi wasa da ƙasa. "In dawa ta shiga rami, kowa ya ci. In ba ta shiga ba, gida ba ya iya ɗaukar bakin da ya ɗauka bara. Akwai wata 'yar'uwa a kambo wajen garin Haj Abdalla, an ce tana son mai taya ta zama."

Kambo bukkokin 'yan cirani ne masu tsinkar auduga, a bakin tur'a. Ba gari ba ne. Wanda ya mutu a can, inda ƙasa ta yi laushi ake tura shi. Kaka ta gane maganar sarai. Ta ce, "To, Maigida." Tun da gida ya koma hannunsa haka take kiransa, ita da ta goya shi.

Aka kafa rumfa mai tsawo a gefen shanyar, ƙafa huɗu, sama da tsayin namiji. Aka ja igiya daga rumfar zuwa sandunan da aka kewaye dawa da su, aka rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Kaka ba ta iya hawa. Da asuba 'ya'yan Baffa maza sukan ɗaga ta kamar buhu su aza ta sama, su wuce auduga, sai rana ta faɗi su dawo su sauke ta. Tsakanin nan ba ta da hanyar ƙasa. Gorar ruwa, tabarma, sandarta, da wani fasasshen kasko don larura, su ne abokan zamanta. Ƙasa take ƙullowa a gefen zane ta yi taimama, ta yi salla a zaune. Da aka ga sanyi na sandarar mata da yatsu har igiya na kuɓucewa, Baffa ya ce a ɗaura mata ita a wuyan hannu.

Ni ake aika da kununta in rana ta take. Tun daga nesa nake jiyo ta. Gwangwanaye na ƙara, ita kuma tana bi da baki: "Haa! Haa! Ku tahi gonar ubanku, ɓarayin banza! Kai mai jan baki, na gan ka!" Ba ta gan shi ba, amma yana tashi. In na miƙa mata ƙwarya sai ta ce, "Ƙawa, yau na zagi tsuntsu har kakansa na can yamma." Ƙananan tsuntsaye suna jin maganarta. Rahu ne ba sa ji. Sukan sauka can ƙarshen gona su tsaya a jere, wuya a miƙe, suna kallo kamar baƙin da ke jiran a yi musu bismilla. Kowace rana sai su matso kaɗan. Sun fara gane cewa gwangwani ba ya cizo.

Sai Baffa ya tuna wata dabara da ya ji a bakin kakanmu. Can yamma, in hankaki suka dami gona, akan kashe ɗaya a rataye a sanda, 'yan'uwansa su gani su ƙaurace. Baffa bai taɓa taka yamma ba, amma abin da iyaye suka zo da shi, a wurinsa ba ya kuskure. Har ya ƙara da nasa. Ya ce mushe ba ya magana, mai rai ne zai gaya wa danginsa abin da ke wurin. Ya sa aka kafa tarko a yashin bahar inda suke kwana, aka kamo ɗaya.

Ina wurin da ya kawo shi, a hammata, dogayen ƙafafun na reto. Ya tsaya gaban rumfa, ya buɗe fiffike guda, ya aza a gwiwarsa ya karya kamar mai karya kara. Har yau in an karya itacen wuta kusa da ni sai na juya. Ya kafa turke a tsakiyar dawa, ya ɗaure ƙafar tsuntsun. Rahu bai sare shi ba, bai yi ta birgima ba. Ya miƙe da fiffiken yana jan ƙasa, ya ɗaga wuya sama, ya saki kuka. Ya dakata, kamar mai saurare. Ya sake.

Kaka ta karkata kai daga sama, ta jima tana ji.

"Maigida, kwance shi. Wanga ba kukan kora ba ne, kira yake yi. Na yi irinsa a hanya, na san shi."

"Inna, ke dai ki ja igiya."

Washegari aka aza ta kamar kullum. Abin da ya faru da safe daga baya ta gaya mini, da ragowar murya. Ta ce ɗaya ne ya fara zuwa shi kaɗai. Ya sauka dab da na ɗaure, yana kewaya shi, yana taɓa igiyar da baki. Suka yi ta amsa wa juna. Daga nan ta ji sama ta cika ta wajen bahar, layi na bin layi.

Abin da na gani da rana kuwa, idona ne ya gani. Na taho da ƙwaryar kunu, ban ji gwangwani ba, ban ji zagi ba. Da na hau gefen tur'a sai na ga gonarmu ta zama toka. Ba a ganin dawa, sai bayan tsuntsaye, kawunansu na sauka suna tashi. Da na shiga ba su tashi ba, darewa kawai suka yi kamar mutanen kasuwa. Kurciya da jan-baki na bin bayansu suna kwasar abin da ya zube. Igiya ta tsinke tun da hantsi, amma Kaka tana ta jan guntun da ya rage a hannunta, wuyan hannun ya goge yana jini. Bakinta na buɗewa yana rufewa, ba abin da ke fita. Duk abin da take da shi ta jefa musu: gora, kasko, sanda, tabarma, takalma, har ɗankwali. Ranar na fara ganin kanta a buɗe, fari fat, ɗan mitsitsi. Ta zuro ƙafa ɗaya ta gefen rumfa tana laluben ƙasa, ƙasa na can nesa. Na ajiye ƙwarya na ruga kiran mutane.

Maza suka zo da sanduna. Da tsuntsayen suka tashi, ƙarar kamar iska ta yaye rufin gari. Ɗaya ne ya ƙi tashi, wanda ya fara zuwa, sai da aka jefe shi. Abin da suka bari ƙaiƙayi ne da kashi da zangarniyar da aka tattake cikin ƙasa. Wanda aka tsince daga baya, kowa ya san ba zai kai mu damina ba.

Baffa ya kewaya wurin, hannu a baya. Ya zo turke, ya yi bismilla, ya yanka rahun, ya miƙa wa ɗansa. Sannan ya ɗaga kai.

"Inna, kin yi barci."

Mahaifina ya ce, "Yaya, ai tsuntsun nan..."

Baffa ya juyo. "Mi?"

Mahaifina ya dubi ƙasa. Wani ya matsa zai sauko da Kaka, Baffa ya ce lokacin saukarta bai yi ba, akwai ragowar da za a tsare. Aka bar ta a sama, kai a buɗe, har rana ta faɗi.

Da magariba aka dafa naman. Baƙi ne, mai tauri, mai ƙarnin ruwa. Aka ci, domin nama nama ne. Baffa ya ce a kai wa Inna kasonta, kada a ce an hana ta. Ta shafa ta ji abin da ke cikin akushi, ta ture shi da bayan hannu. Duk garin ba wanda bai san abin da ya kira tsuntsayen nan ba. Amma in an haɗu a bakin masallaci sai a girgiza kai a ce, "Tsufa ne, sai haƙuri, ma'alesh." Baffa na da 'ya'ya maza, yana da shanun noma da ake ara. Ita ba ta da abin da za a ara.

Ba a jima ba wata lori mai ɗaukar 'yan tsinkar auduga ta biyo ta garinmu za ta wajen Haj Abdalla. Baffa ya ce Kaka ta shirya, kambo za a kai ta. Ta roƙi a bar ta ta je maƙabarta ta dawo, Baffa ya ce direba ba ya jira. Mahaifiyata ta ƙulla mata kisra, gurasar dawa, da busasshiyar kuɓewa, ta cire bargon da take rufa da shi ta naɗe a ciki, ba ta dubi kowa ba. A bakin hanya Kaka ta kama gefen rigar Baffa. Muryarta ba ta dawo ba, sai da ya sunkuya.

"Maigida, abu guda. In mutuwa ta zo, ku dawo da ni. Wurin yana nan, na sa ƙaya."

"In sha Allahu, Inna. Ai ba nisa."

'Ya'yansa suka ɗaga ta, hannunsu ya riga ya saba, suka aza ta bisa buhuna. Ta lalubo inda nake da ido ta ce, "Ƙawa, ɗaki ya zama naki. Kada ki bar awaki su shiga, suna cin tabarma." Lori ta tashi.

Yanzu duniya ta sake. Ba a kafa rumfa a gona, inji ne ke yanka ya sussuke a yini guda, tsuntsu ya zo ya tarar da kara. In jan-baki sun yi yawa magani ake zuba musu, a wayi gari ana sharar su daga ƙarƙashin itatuwa. Jikokina sunan tsuntsu da Larabci suka san shi, in na ce zakaran ƙeƙuwa sai su yi dariya su ce in maimaita. Suna cewa mutanen da ba su da tausayi, yanzu ba mai yi wa tsoho haka. Ina jin su. Amma a shekarun yaƙin nan da aka yi ta gudu ana barin garuruwa, na ga tsofaffin da aka bari kan gado da butar ruwa a gefe, domin mota ba ta da wuri. Waɗanda suka bar su ma a hankali suka yi musu magana, suka ce za su dawo.

Sauran kuma ga yadda ta kasance da kowa. A shekarar mun ci ganye da gari mai ƙasa kafin sabuwa ta fito, ƙanena na goye bai ga damina ba. Mahaifiyata ta yi sauran sanyin nan ba bargo, tari ya kama ta, bai sake ta ba har ƙarshen ranta. 'Ya'yan Baffa suka girma suka watse, wani Abu Hujar, wani birni, sun yi arziki, sun yi zuriya. Ni aka kai ni gidan miji, na haifa, na binne, ga ni a gabanku.

Kaka ba ta kai wani sanyin ba. Labarin rasuwarta a bakin yaron mota ya iso, bayan an daɗe da rufe ta, shi ma da aka tambaye shi ne ya tuna. Mahaifina ya jira sai da Baffa ya rasu, ba wanda zai ce masa "mi", sannan ya shiga mota ya je kambon neman kabarinta. Ya tarar an yashe tur'ar da inji, an jibge laka a gefen da ake rufe mutane, ƙaya ta tsiro a kai. Ba wanda ya iya nuna masa ko da kusurwa. Ya dawo, bai sake tayar da maganar ba har shi ma ya rasu.

Baffa kuwa ya yi tsawon rai, da idonsa, da haƙoransa. A kan gadonsa ya cika, 'ya'ya da jikoki kewaye da shi. Jana'izarsa ta cika gari, har daga ƙetaren bahar aka zo, ana ta faɗin cewa mutum ne da ya riƙe gida bai bar shi ya watse ba. A lokacin maƙabarta ta cika, masu haƙa suka yi ta neman wurin da ya dace da babban mutum, kusa da iyayensa, cikin inuwa. Suka samu fili guda ƙarƙashin aduwa, daidai kwanciyar mutum ɗaya. Suka janye tsohuwar ƙayar da ke kai, suka sa shi a nan.